Gidajen Manoma da Aka Kwance Aka Sake Tayarwa: Kwana Biyu a Singleton

Na bar Zariya da sassafe cikin watan Satumba na 2024, ana girbin gero, dawa kuma ta fara fitar da kai a gonakin bakin hanya. Inda na nufa wani ƙaramin ƙauye ne a kudancin Ingila mai suna Singleton, wurin da gidan tarihin nan na fili, Weald & Downland Living Museum, yake. Ba irin gidan tarihin da muka saba gani ba ne, mai akwatunan gilashi da tsofaffin takubba. Nan gidaje ne sukutum, da rumbuna, da turken shanu, da maƙera, da ɗakin niƙa, gini sama da 50, mafi yawansu kwance su aka yi daga inda suke aka kawo su fili ɗaya aka sake tayarwa. Duk wanda ya san gini, in ya ji haka tambaya ɗaya ce za ta fara zo masa: ta yaya ake ɗauke gidan da ya shekara 600 ya isa wani gari yana gida, ba tarin itace ba?

Tsakanin Zariya da Kaduna mun wuce shingen jami'an tsaro huɗu, leƙe ne kawai da "a sauka lafiya". A Rigasa na shiga jirgin ƙasa zuwa Idu, wanda ta intanet ake sayen tikitinsa, kuma sai da lambar katin ɗan ƙasa. Na kwana Abuja, washegari jirgin sama ya yi awa shida da 'yan mintoci ya sauke mu a filin jirgin Heathrow na Landan. Mai niyyar wannan tafiya ya shirya wa wasu abubuwa tun daga gida. Bizar ziyara ta wata shida fam 115 ce a lokacin, fam ɗaya kuwa ta haura naira 2,000. Katunan naira na mafi yawan bankunanmu ba sa aiki a waje a wannan shekarar, don haka sai katin dala ko tsabar fam. Sannan kada a sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka, domin dokarsu ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin tamu, in an gani ƙwacewa za a yi. Ƙuli-ƙuli da dabino ba ruwan kowa da su, kuma sun yi mini rana.

Jami'in shige da fice ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce kallon tsofaffin gidajen manoma. Ya nemi tikitin komawa da takardar masauki, ya duba, ya miƙo mini fasfo. Daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Victoria, da canji ɗaya a hanya. A Victoria ne baƙo ke iya ɓata. Jirgin da ke zuwa Chichester, babban garin da ke kusa da Singleton, yakan rabu gida biyu a garin Horsham, taragun gaba su bi ta Chichester, na baya su nufi Bognor Regis. Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da ya ji ina waya da Hausa shi ya taɓa ni ya ce, "Malam, in Chichester za ka, koma gaba, nan ba wurinka ba ne." Na yi masa godiya na ja jakata. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce da ɗoriya, kuma bayan an wuce Horsham sai fadamu kore shar da tumaki, har a hango ganuwar Arundel a kan tudu.

Na sauka wani ƙaramin masauki a Chichester, fam 85 kwana ɗaya haɗe da karin kumallo. Karin kumallon Turawan Ingila da naman alade yake zuwa, don haka tun da dare ake gaya wa mai masauki a bar ka da ƙwai da wake da burodi, a kuma soya ƙwan a kasko daban. Da safe na shiga bas mai lamba 60 da ke zuwa Midhurst, kuɗinta fam 2, domin gwamnati ta ƙayyade kuɗin bas a wannan shekarar. Nisan zuwa Singleton bai wuce mil bakwai ba. Abin da ya fara ɗaukar idona katangun ƙauyukan hanya ne, waɗanda aka gina da dutsen ƙyastu, baƙi-baƙi mai farin ɓawo, an jera shi cikin farar ƙasa, kusurwoyin kuma an ɗaure su da jan bulo, tun da dutsen ba shi da gefe miƙaƙƙe da zai ba da kusurwa. Tudun yankin duk alli ne, dutsen ƙyastu kuwa a cikin allin yake. Rafin Lavant da hanyar ke bi ta gefensa na same shi a ƙafe, sai ciyawa a kwarinsa. Yakan kawo ruwa da hunturu ya ɗauke da zafi, kamar rafukanmu amma a juye.

Kuɗin shiga gidan tarihin bai kai fam 20 ba a lokacin. Filin eka 40 ne a gangaren tudu, da tafki a ƙasa da kurmi a sama. Wani masanin tarihin yankin, Roy Armstrong, shi da abokan aikinsa suka kafa wurin a 1967, aka buɗe wa jama'a a 1970. Abin da ya tunzura su shi ne yadda ake rushe tsofaffin gine-gine a yankunan Sussex da Kent na kudancin Ingila don sabbin garuruwa da tituna da madatsun ruwa. Dabarar ba tasu ba ce ta farko, domin tun 1891 Artur Hazelius ya buɗe irin wannan gidan tarihi na fili mai suna Skansen a birnin Stockholm na ƙasar Sweden. Ƙa'idarsu dai ita ce ba a ɗauko gini sai wanda ba yadda za a yi ya tsira a inda yake. Wani gidan gona mai suna Longport, alal misali, aikin hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku zuwa Faransa ne ya tashe shi. Abin da ya fi burge ni shi ne babu fada ko ɗaya a wurin. Gidajen manoma ne da 'yan ƙwadago da masu sana'a, mutanen da tarihi bai cika rubuta sunansu ba.

Na wuce ɗakin karɓar kuɗin hanya da aka ɗauko daga Beeding, na farkon ƙarni na 19, da allonsa mai jera abin da za a biya kan doki da keken doki da garken shanu da tumaki. Na leƙa rumfar kasuwa ta Titchfield, mai ɗakin taro a sama da ɗan kurkuku a ƙarƙashin matakala. Amma Bayleaf na zo gani, kuma a can na yi rabin yinina.

Bayleaf gidan manomi mai hali ne daga Chiddingstone a Kent, an gina shi a farkon ƙarni na 15. An kwance shi a 1968 saboda madatsar ruwa ta Bough Beech. Ƙashin ginin duka itacen oak ne, itace mai tauri da nauyi, kwatankwacin ƙirya a wurinmu. Fasalinsa kashi uku. Tsakiya babban zaure ne wanda ba shi da bene, daga daɓe har rufi a buɗe. Gefe da gefe kuma ɗakuna ne hawa biyu, na sama ya ɗan turo ciki waje ya wuce na ƙasa. A tsakiyar zauren, a ƙasa, murhu yake. Babu bututun hayaƙi. Hayaƙin tashi yake ya taru a ƙarƙashin rufi, ya riƙa sulalewa ta tsakanin fale-falen gasasshen yumɓu da aka yi rufin da su.

An hura wuta ranar da na je, kuma nan na gane dalilin tsawon zauren. In kana tsaye idonka zai yi yaji. In ka zauna a benci sai ka koma ƙarƙashin hayaƙin, ka sha iska lafiya. Tagogin ba gilashi, sanduna ne a tsaye da marfin katako da ake zamewa cikin kwarminsa. Wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai ta nuna mini yadda ake sarrafa su: a rufe na ɓangaren da iska ke bugowa, a buɗe na ɗaya ɓangaren kaɗan. In aka buɗe duka biyun iska za ta kwantar da hayaƙin ya cika ɗaki. Itacen wutar kuma dole ya zama busasshe, ɗanye hayaƙi kawai yake bayarwa. Na ɗaga kai na ga sandunan rufin sun yi baƙi da kunkunniya, sai na tuna da tsaikon madafa a ƙauyukanmu, wanda ke daɗewa fiye da na ɗakin kwana saboda ƙwari ba sa son hayaƙi, da kuma yadda ake rataye zangarniyar iri a saman murhu har shuka ta zo. A ɗakin maigida na sama akwai masai da aka liƙa a jikin bango ta waje, katako ne mai huda, ƙasansa rami.

Kusa da gidan akwai rumbun sussuka da aka kawo daga Cowfold, na 1536. Damman alkama da sha'ir ake jibgewa a gefe, tsakiya kuma masussuka ce. Sandar bugunsu biyu ce haɗe da igiyar fata, a riƙe doguwar a wurga gajerar. Dalilin yin sussuka a cikin ɗaki ruwa ne. Mu kaka na zuwa mana da rani a bayanta, sai mu yi masussuka a fili, iskar hunturu ta yi mana shiƙa. Su kuwa ba watan da ruwa ke ɗauke musu, don haka sai su buɗe ƙofofin rumbun iska ta ratsa ta kwashe ƙaiƙayi. Madafar Winkhurst, wadda ita ma madatsar Bough Beech ce ta tashe ta, ɗaki ne daban, ana dafa faten hatsi da ganye a tukunya kan wuta. Ware madafa daga ɗakunan kwana tsoron gobara ne, dalilin da mu ma muka sani.

Mai son fahimtar wurin ya bi hayaƙi daga gida zuwa gida. Bayan Bayleaf sai Poplar Cottage, gidan talaka na tsakiyar ƙarni na 17, inda aka killace wani ɗan siririn sashe a ƙarshen gidan, daga ƙasa har rufi, aka shafe cikinsa da laka, hayaƙi ya riƙa bi ta nan. Sai Pendean na 1609, daga kusa da Midhurst, mai cikakken bututun jan bulo a tsakiya. Lura da shekarun: mai hali ya samu bulo tun 1609, talaka kuwa bayansa da shekaru yana fama da laka. Da zarar an kama hayaƙi a bututu, ba a buƙatar dogon zaure kuma, sai a shimfiɗa bene a samansa a samu ƙarin ɗakuna. Bututu ɗaya ya canza fasalin gida gaba ɗaya.

Wajen azahar ruwa ya sauko, ba irin namu mai tsawa da ke zuba ya wuce ba, yayyafi ne mai sanyi da naci. Hanyoyin wurin tsakuwa ce da ciyawa, allin kuma in ya jiƙe santsi yake kamar an zuba karkashi. Takalmin da na sa mai sumul ɗin ƙasa ne, sai da na riƙa bin gefen ciyawa. Mai zuwa ya nemi takalmi mai haƙora da rigar ruwa, ko da ya ga rana da safe. Na yi alwala a bayan gida, na yi sallar ƙasaru a ƙarƙashin wata rumfar keken doki, ba wanda ya ce mini uffan. A ɗakin cin abinci na bakin tafki na sha miyar ganye da burodi da shayi, kusan fam 12.

Da ruwan ya tsagaita na je wurin rumbun Littlehampton, na 1731. Ɗaki ne na katako da bulo mai rufin ciyawa, yana zaune a kan duwatsu 16 da aka sassaƙa. Kowanne kashi biyu ne: ƙafa mai faɗin gindi da tsukakken kai, sai faifan dutse a kife a samanta wanda ya fi ta faɗi ta kowane gefe, kamar malafa a kan turmi. Ɓera zai hau ƙafar, amma in ya iso ƙarƙashin faifan sai ya yi tafiya a kife kafin ya zagayo, dutse kuwa ba ya ba shi wurin kama farce. Tazarar da ke ƙasa tana barin iska ta ratsa, danshin ƙasa bai kai ga hatsi. Shi ya sa a irin waɗannan rumbuna ba a haɗa matakala da ƙofa, ko dai a bar tazara ko a ɗauke ta bayan an sauko. Abin da ke ɓata dabarar sakaci ne: a jingina tsani ko shebur, a tara itacen wuta a ƙasa, ko a bar reshen bishiya ya taɓa rufi. Sanda ɗaya ta isa ta mai da duwatsu 16 aikin banza. Rufewarmu ta ƙasa ma a kan duwatsu take zama, amma namu gajeru ne, ba su da malafa, danshi da gara suke karewa ba ɓera ba. Na auna, na zana, na koma Chichester na sayi soyayyen kifi da dankali, bayan na tabbatar da man gyaɗa ko na ganye aka soya.

Rana ta biyu na ba da ita ga tambayar da ta kawo ni, wato yadda ake kwance gida a sake tayar da shi. Amsar tana cikin wani gini na zamani a bakin kurmi, Downland Gridshell, wanda aka buɗe a 2002. Tsawonsa kusan mita 50, an saƙa shi kamar kwando da siraran ɗanyen oak masu kaurin milimita 50 da 35, aka lanƙwasa su suka ba da tulluwa uku a jere. Ƙasansa ma'ajiyar dubban kayan aikin gona da na sana'a ce, samansa kuma fili ne da ake shimfiɗa ƙashin gini a gyara.

Sirrin shi ne waɗannan gidaje tun asali ba a wurin zamansu aka ƙera su ba. Kafinta a filinsa yake sassaƙa kowane bango a kwance, ya fitar da harshe a kan wannan itace, ya huda rami a jikin wancan, ya gwada su, ya yi wa kowace mahaɗa lamba da kurfi, sannan ya warware a kai wurin gini a tayar. Lambobin suna nan a jikin itacen har yau, na gan su da idona. Ba ƙusar ƙarfe ke riƙe mahaɗa ba, domin ruwan jikin oak yana cin ƙarfe. Ƙusar itace ce, wadda ake tsagawa bisa jijiyar itacen, ba a yanka ta da zarto ba, don kada ta karye. Akwai dabara a hudar: ramin da ke jikin harshe ana gusa shi kamar milimita 3 zuwa wajen kafaɗa, yadda in aka buga ƙusar mai tsini za ta ja itacen biyu su matse. In gushin ya yi yawa harshen ya tsage, in babu shi mahaɗar ta yi sako-sako da zarar itacen ya bushe. Ɗanyen itace suke aiki da shi, busasshen oak yana dakushe gizago.

To abin da aka harhaɗa da ƙusar itace ana iya warware shi. Kafin a taɓa komai sai an auna an zana an ɗauki hoto, a liƙa wa kowane itace lamba. A sauke rufi, a cire cikon bango, a bugo ƙusoshin waje, a riƙa saukewa daga abin da aka ɗora ƙarshe zuwa na farko. A lokacin ne gini ke faɗin tarihinsa: ramin da ba kowa a cikinsa yana nuna inda bango ko taga ta taɓa zama, baƙin kunkunniya a sandunan rufi yana nuna gidan ya taɓa zama mai buɗaɗɗen zaure, zoben shekaru da ke cikin itacen kuma su ake ƙirgawa a gwada da na wasu a gano shekarar da aka sare shi. Ruɓa kusan kullum daga gungumen ƙasa take farawa, wanda ginshiƙai ke tsaye a kansa, shi ya sa ake ɗora shi a kan 'yar gajerar katangar dutse. Inda ya ruɓe ba a jefar da itacen duka, yanke wurin ake yi a dasa sabon oak. Wani kafinta ya ce mini babban abokin gabarsu siminti ne: in aka shafe tsohon bango da shi, ruwan da ya shiga ta tsaga ba ya samun hanyar fita, itace ya ruɓe a ɓoye. Na ce masa haka yake yi wa ginin ƙasa a Kano da Zariya, yaɓen simintin ya rabu da bangon, ruwa ya kwanta a tsakani, wata rana ɓangare guda ya zube.

Cikon bangon nasu ɗan'uwan aikinmu ne na jini. Ana kafa sanduna a tsaye tsakanin katako na sama da na ƙasa, a saƙa tsumagun wani itace da suke kira hazel, mai lanƙwasuwa kamar geza, sannan a yaɓa cakuɗin laka da yankakken karan alkama da kashin shanu. Ta fuska biyu ake yaɓawa lokaci ɗaya don lakar ta haɗe ta cikin saƙar. Yumɓu in ya yi yawa bango ya tsattsage wajen bushewa, in ya yi kaɗan ya riƙa zubar da gari. In ya bushe sai a bi shi da ruwan farar ƙasa, shafi uku ko huɗu marasa kauri, kowanne ya sha iska kafin na gaba. Aikin da makuba ke yi mana ke nan, kare bango daga ruwa ba tare da toshe masa numfashi ba.

Baibayarsu kuwa ta ba ni mamaki da kaurinta, kusan santimita 30, a kan rufin da gangarensa bai gaza digiri 45 ba, ana danne ta da tsagaggun tsumagun hazel da aka murɗe kamar ƙugiya. Rufin karan alkama yakan kai shekara 20, na iwar fadama ya ninka haka, amma ƙoƙuwar rufin sai an sabunta ta duk shekara 10 zuwa 15. Jinkarmu ta shuci ba ta kusanto wannan, saboda sirantar yanta da zafin rana da gara. Matsalarsu ita ce alkamar zamani gajera ce, injin girbi kuma yana murƙushe karanta. Don haka gidan tarihin da kansa yake noma alkama mai dogon kara a gonakinsa. Nan na fahimci dalilin ajiye dawakan huɗa da tumaki, da kurmin hazel da ake sarewa daga gindi duk bayan shekara bakwai zuwa goma ya sake tofo. Rufin yana buƙatar gona, bangon yana buƙatar kurmi, dukansu kuma suna buƙatar hannun da ya iya. Shi ya sa suke koyar da sassaƙa da baibaya da yaɓe, har da digiri na biyu kan adana gine-gine tare da Jami'ar York.

Ɗakin niƙa na Lurgashall, na ƙarni na 17, yana aiki. Ruwa ke zuba a kan babbar ƙafar ƙarfe ta juya, haƙora su kai juyin ga dutsen sama, na ƙasa yana zaune. An tsaga kwarmi a fuskokin duwatsun, su ke yanka ƙwayar kamar almakashi suna tura gari waje. Mai niƙa yana murza garin tsakanin yatsu: in ya ji zafi ko ya yi dunƙule, duwatsun sun matsu da yawa, in ya ji tsaki sun yi nisa. Abin tsoro shi ne hatsi ya ƙare dutse na juyawa, sai su goge juna su ba da tartsatsi a ɗakin da ƙurar gari ta cika. Na sayi ƙaramar jaka ɗaya. Na leƙa kuma ɗakin rijiya na Catherington, inda mutum ke shiga cikin babbar ƙafar katako yana takawa tana naɗe igiyar guga, domin a tudun alli wasu rijiyoyin sukan kai gaba 50.

A bas ɗin komawa na riƙa auna abin da zai yiwu a gida da wanda ba zai yiwu ba. Soron ƙasa ba ya kwantuwa. Tubali da laka sun zama jiki ɗaya, azara tana binne a ciki, in ka fasa bakan gizo ka kashe shi. Shi ya sa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, wanda masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya assasa, kwafi ya gina daidai girman na asali: masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, da wani sashe na ganuwar Kano da fadar Katsina. Kwafin ma, kamar na asalin, sai da yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Ginin namu a inda yake kawai zai tsira, kuma da magina masu rai. Abin da nake ganin za mu iya ɗauka daga Singleton shi ne kula da kayan talaka. Muna tunawa da fada da masallaci, amma rufewa da rumbun zana da turke da bukkar Fulani da ɗakin niƙa mai dutse suna ɓacewa ƙarƙashin kwano da bulo ba wanda ya auna su ko ya zana.

Dawowa ba ta da labari, sai jinkirin awa biyu a filin jirgi. Bayan mako ɗaya na kai zanen duwatsun rumbun wurin wani tsohon magini a wani ƙauye yamma da Zariya. Ya juya takardar ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Baba, in aka yi wa rufewa irin wannan ƙafa fa?"

Ya ce, "Ɗana, rufewa cike da dawa ta fi ƙarfin doguwar ƙafa, in ta jirkita tsagewa za ta yi. Kuma malafar nan ɓera take tarewa. Gara ginin hanyarta za ta yi ta bi ta ƙarƙashinta ta haye."

Gaskiya ya faɗa, gara ba ta cikin lissafin manomin Sussex. Amma ya yarda dabarar za ta zauna a rumbun zana mai dirkoki, in aka ɗaga shi ya kai kamar mita ɗaya don kada ɓera ya yi tsalle ya wuce, aka kifa wa kowace dirka mazurarin kwano mai santsi, aka zuba toka a gindinta, aka kuma riƙa leƙawa kowace safiya ana karya hanyar gara. Mun tsayar da shawara a kan dirka tara na ƙirya, uku-uku a jere, kuma ya ce a bari sai an yanke dawa ƙasa ta bushe kafin a haƙa ramukan.